Rana tana goge hasken da ke ɓoye cikin dutsen farar ƙasa, ko ragewa kawai take yi?

Sadiq_Fiziks:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa aiki da tamoluminesans ce, wato TL. Ina shirin aikin digiri na biyu a kan dutsen farar ƙasa, akwai kuma inda bakin zaren ya ɓace mini. Kowa ya yarda idan aka gasa dutsen har wajen digiri 500, duk abin da ya tara zai fita, ya koma fanko. To hasken rana fa? Wasu takardu sun ce rana tana goge shi, har ana auna shekarun gine-gine da haka. Wasu kuma sun ce kalsayit taurin kai gare shi, ko kwana nawa ya yi a rana sai an sami saura. Samfurin da zan yi aiki da shi daga yankin Kalambaina aka kawo, a buɗaɗɗen buhu a bayan a-kori-kura, ya sha rana sosai a hanya. In zubar, ko yana da sauran amfani?

Bakatsine77:
Wa'alaikumus salam. Kafin masana su iso, a taimaka mana da bayani. Wane haske ne kuma a cikin dutse?

Malam_Geo:
Wa'alaikumus salam. Bakatsine77, bari in fara da taka. Dutsen farar ƙasa yawancinsa kalsayit ne, wato kalsiyam kabonet. A cikinsa da ƙasar da ke kewaye da shi akwai ɗan yuraniyam da toriyam da fotasiyam-40, ga kuma radiyeshin da ke saukowa daga sararin samaniya. Wannan radiyeshin yana fizgo ilektiron daga mazauninsu, wasu su faɗa cikin tarkuna, wato gurare masu tangarɗa a jikin kiristal ɗin, su maƙale. Tamkar asusu ne, shekara da shekaru ana jefa kwabo. Idan ka ɗumama dutsen ka fasa asusun ke nan, ilektiron su fito, su saki haske a hanyar komawarsu. A kalsayit ɗan manganis da ke ciki ne ke sa hasken ya zama ruwan lemo. Wannan hasken shi ne TL, kuma yawansa shi ke nuna yawan abin da aka tara.

Yanzu Sadiq. Rana ba fasa asusun take yi ba, zaro kuɗin take da tsinke ta ɗan bakin. Da farko suna fita da sauri, daga baya abin ya yi ta ja, ƙarshe ya kusa tsayawa alhali da saura a ciki. Takardun da ka karanta duka gaskiya suka faɗa, kowa ɓangaren da ya dame shi ya kalla.

Kada ka zubar da komai. Idan manyan gunduwoyi ne, fatar waje kawai rana ta taɓa.

Sadiq_Fiziks:
Na gode Malam. Gunduwoyi ne, wasu sun kai girman dunƙulen hannu, amma akwai tsakuwa da gari a ƙasan buhun.

Hadiza_Lab:
Garin da tsakuwar ka ware su gefe, kada ka haɗa da sauran. Manyan ka shiga da su ɗaki mai duhu, da jan fitila mai rauni, ka sare aƙalla rabin santimita daga kowane gefe, ka yi aiki da cikin. Da zarto mai ruwa za ka yanka, a hankali, don zafin yankan ma yana taɓa siginar, wato hasken da za ka auna.

Sannan in ja kunnenka kan abin da ya fi rana ɓata wa sababbi aiki, wato niƙa. Kalsayit idan aka dake shi da ƙarfi yana ba da hasken ƙarya lokacin ɗumamawa, wanda ba ruwansa da radiyeshin. A turmin agat ake murƙushe shi sannu sannu, a tankaɗe, a ɗauki ƙwayoyi masu girma ɗaya, a ɗauraye da ruwan asid na asetik mai rauni don cire fatar da ta ji rauni, a shanya a duhu. Kuma a ɗumama shi cikin iskar naitirojin, ba cikin iskar ɗaki ba. Na ga ɗalibi ya zo da jadawali yana murna wai ya gano sabon tudu, wato inda hasken ya yi tashin gaske a jadawalin, ashe aikin taɓarya ne.

DanKalambaina:
Ni nan unguwarmu ce. Tun muna yara muke tsintar duwatsu masu siffar katantanwa da wasu masu kamar tauraro a jikinsu a wuraren haƙa. Ashe har haske ke cikinsu. Za a iya gane shekarunsu da wannan hanyar?

Malam_Geo:
DanKalambaina, abin da kuke tsinta burbushin halittun teku ne. Duwatsun Kalambaina sun kwanta ne a zamanin Faliyosin, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da teku ya ratso ta inda Sahara take yanzu. Amma TL ba zai auna wannan ba. Tarkunan suna da iyaka, idan suka cika sun cika. Farar ƙasa tana samun abin da galibi bai kai girei 1 ba (girei shi ne ma'aunin radiyeshin da abu ya sha) a shekara 1,000, don fotasiyam ɗinta kaɗan ne. Ko ka ce rabin girei ne, a shekara miliyan 60 ka tara girei 30,000, alhali tarkunan kalsayit sun cika tun a 'yan dubbai. A shekarun 1950 Farrington Daniels da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin sun gwada auna shekarun tsofaffin duwatsun farar ƙasa ta wannan hanya, abin bai zauna ba. Shekarun Kalambaina daga burbushin halittun aka san su.

Issoufou_Malbaza:
Sannunku. Mu ma nan Malbaza a jihar Tawa irin dutsen ke gare mu, da shi ake siminti. Kwari ɗaya ne da na Sakkwato, iyaka ce kawai ta raba. Malam Sadiq idan kana son na gwadawa daga wannan ɓangaren, a faɗa mini yadda ake ɗauka ba tare da rana ta gan shi ba.

Hadiza_Lab:
Malam Issoufou, babban gunduwa za ka fasa daga cikin bango, ba wanda ya daɗe a yashe ba. Ka naɗe da takardar alminiyam ninki biyu, ka sa a baƙar leda mai kauri, ka rubuta wurin da zurfin a waje. Idan da hali da daddare, in ba hali girman gunduwar ya isa kariya.

Sadiq_Fiziks:
Allah ya saka da alheri, Malam Issoufou, zan yi maka magana ta gefe. Malam_Geo, tunda dutsen a cike yake, ashe ya dace da abin da nake so, don ina da babbar sigina da zan ga yadda rana ke cin ta. Abin da ban gane ba, duk tuddan jadawalin ne ke sauka tare?

Dakta_Zazzau:
A'a, kuma a nan aikinka zai yi daɗi. Idan ka ɗumama kalsayit kana auna haske, za ka ga tuddai kamar uku: ɗaya wajen digiri 100 da ɗoriya, ɗaya wajen 280, ɗaya wajen 350. Lambobin suna ɗan motsawa gwargwadon saurin ɗumamawarka, don haka ka tsaya kan sauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Na farkon ba za ka same shi a dutsen da aka haƙo ba, don zafin gari kaɗai ya isa ya zubar da shi, sai ka ba samfurin radiyeshin a lab sannan ya bayyana. Na wajen 280 shi masu auna shekaru suka fi riƙewa tun aikin Ann Wintle a 1978 kan kalsayit na cikin kogo. Kowane tudu ka bi shi daban, kada ka tattara duka hasken ka ba da lamba ɗaya, don ba lallai su sauka da sauri ɗaya ba.

Launin hasken ma yana da tasiri. Mai gajeren zango, wato shuɗi da ultrabayolet, ya fi ƙarfin fitar da ilektiron. Ja ba ya yin komai sosai, shi ya sa muke aiki a ƙarƙashinsa. Idan ka ajiye samfuri a bayan gilashin taga ka rage masa wani kaso na ultrabayolet, sakamakonka ba zai yi daidai da na wanda ya ajiye a fili ba.

Akwai kuma abin da ke rikita mutane. Wani lokaci haske ba ragewa yake ba, ƙarawa yake. Ka ɗumama samfuri har ƙaramin tudun ya ɓace, ka haska masa fitila, ka sake aunawa, sai ka ga tudun ya dawo ba tare da ka ba shi radiyeshin ba. Hasken ne ya ɗebo ilektiron daga tarko mai zurfi, wasu suka faɗa mara zurfi. Duk wanda ya ce "rana tana gogewa" ya yi shiru, rabin labarin ya bayar.

Uwar_Khalil:
Ni ma'aikaciyar ɗakin hoton ƙashi ce. Bajon da muke maƙalawa a riga don auna radiyeshin ai TLD ake ce masa. Ke nan idan na bar shi a mota cikin rana lissafin ya lalace?

Dakta_Zazzau:
Hajiya, ilimin ɗaya ne amma kayan daban. Yawancin bajojin asibiti litiyam fulorayid ne a ciki, shi kuma haske bai cika damunsa ba, ga shi a rufe cikin gidansa. Masu alminiyam oksayid su ne haske ke yi wa saurin illa idan aka buɗe su. Abin tsoro a motar zafi ne. Ki riƙa ajiye shi inda ake ajiye bajon gwaji na sashenku idan kin tashi aiki, kada ki tafi da shi gida.

Uwar_Khalil:
To madalla. Zan gaya wa abokan aikina, don da yawa a jaka muke yawo da shi.

Maryam_Tarihi:
Bari in shigo ta ɓangarenmu na masu tonon tarihi, don wannan tambayar ta Sadiq ita ce ta haddasa rigima a Girka. A yankin Argolid akwai wasu ƙananan gine-gine biyu masu siffar dala, ɗaya a Hellenikon kusa da Argos, ɗaya a Ligourio, da dutsen farar ƙasa aka yi su. Masu tono na shekarun 1930 sun ce na wajen ƙarni na 4 ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai Ioannis Liritzis ya zo da dabara: magini ya sassaƙa dutse, ya bar shi a rana, fuskar dutsen ta goge. Ranar da aka ɗora wani a kansa fuskar ta shiga duhu, ta fara tari daga farko. Ke nan idan ka ɗebo 'yar fatar da ke tsakanin duwatsu biyu ba tare da haske ya gan ta ba, ranar ginin za ka auna. A 1997 shi da Theocaris da Galloway suka fitar da sakamako cewa na Hellenikon ya kai wajen shekara 2700 kafin haihuwar Annabi Isa, da yiwuwar kuskure na sama da shekara 500. Wannan ya kai shi sa'ar dalar Djoser ta Masar, har ya ɗan girme ta. Masana tarihin Girka da yawa ba su karɓa ba, Mary Lefkowitz na cikin waɗanda suka soki aikin, ta kawo batun cewa ana iya sake gini da tsofaffin duwatsu.

Ni dai dabarar tana burge ni ƙwarai. Ginin dutse zalla ba gawayi ba ƙashi, da me za ka auna shi in ba wannan ba?

Injiniya_Tukur:
Malama Maryam, dabarar tana da kyau a takarda, amma ni ban yarda da ita a kan farar ƙasa ba, kuma lissafi ne ya hana ni. Mu ɗauki misali kawai. A ce dutsen yana ɗauke da siginar da ta yi daidai da girei 2,000 tun daga inda aka haƙo shi. Rana ta yi ƙoƙari ta cinye kashi 99 cikin 100. Saura girei 20. Idan wurin yana ba da rabin girei a shekara 1,000, wannan ɗan sauran kaɗai shekara 40,000 ne na ƙarya. Ginin da kike nema kuma duka abin da ya tara bai kai girei 3 ba. Kuskuren kuma kullum gefe ɗaya yake tafiya, wajen tsufa. Shi ya sa da na ji an ce sakamakon ya girme abin da masu tono suka ce da shekara 2,000, ban yi mamaki ba.

Maryam_Tarihi:
Injiniya, ai ba su yi watsi da sauran ba. Sun shanya irin dutsen a rana, suka auna inda siginar ke tsayawa, suka cire wannan daga lissafi. Kuma sun gwada hanyar a kan katangar Mycenae da aka riga aka san zamaninta.

Injiniya_Tukur:
Sun cire sauran da suka samu a nasu shanyar. Wa ya gaya musu kwana nawa maginin ya bar dutsen a rana? Wataƙila wata guda, wataƙila da safe aka sassaƙa da yamma aka ɗora. Wataƙila ma fuskar da ake magana a kanta ƙasa take kallo duk tsawon lokacin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu aikin dutse ya san ba a juya wa kowane dutse fuska don ya sha rana. A kife ake jibge su, ƙura ta lulluɓe.

Malam_Geo:
Ku biyun kowa da hujjarsa. Abin da zai raba gardamar a kowane dutse shi ne auna zurfi. Yanzu masu wannan aiki ba fatar sama kawai suke karcewa ba. Huda dutsen suke su ciro ɗan sanda, su yanyanka shi siriri siriri, ƙasa da milimita kowane yanki, su auna ɗaya bayan ɗaya. Idan dutsen ya sha rana sosai kafin a rufe shi, yankunan farko za su ba da lamba kusan ɗaya, a shimfiɗe, sannan siginar ta hau zuwa cikakkiya a ciki. Idan tun daga yankin farko hawa take, bai gogu ba, sai a jefar da shi. Dutsen da kansa yake ba da shaidar ko ya sha rana.

Matsalar farar ƙasa ita ce haske ba ya nisa a cikinta. A mabul fari tas yana iya shiga milimita da yawa, amma a farar ƙasa mai laka ko mai jan ƙarfe abin bai taka kara ya karya ba. Ga shi ruwan sama yana narkar da kabonet, 'yar fatar da kake dogaro da ita tana iya tafiya cikin shekaru dubbai.

Bakatsine77:
To gumakan Nok da ake cewa an auna da TL fa? Su ma shanya su aka yi?

Maryam_Tarihi:
A'a, su wuta ce ta goge su. Yumɓu ne aka gasa, gashin ya fitar da komai, lissafi ya fara daga ranar. Shi ya sa nasu ya fi sauƙi, tun wajen 1970 aka auna na Nok a Oxford. Kuma ba kalsayit ake aunawa a cikinsu ba, ƙwayoyin wasu ma'adinai ne, kwaz da felsfa, na cikin yumɓun. Ko farar ƙasar ma idan wuta ta ci ta magana ta canja, an auna duwatsun murhun mutanen da a Dordogne ta Faransa ta haka.

Abba_Kwantagora:
Gaskiya ni ban ga abin da wannan zai ƙara wa talaka ba. Dutse dai a kai shi kamfani a yi siminti.

Hadiza_Lab:
Malam Abba, ka duba sama kaɗan ka ga tambayar Uwar_Khalil. Ilimin da ke gaya mana ko ma'aikaciyar asibiti ta sha radiyeshin fiye da ƙima shi ne wannan. Da shi ake gane kayan tarihinmu na gaske da na jabu. Kuma duk ma'adinin da ke ƙasarmu, sai wani ya zauna ya auna halinsa kafin a san abin da zai yi amfani a kai.

DanKalambaina:
Tambaya ta biyu, ku yi haƙuri. Ganuwar Surame ta Kanta da duwatsu aka yi ta. Za a iya yi mata irin na Girka?

Dakta_Zazzau:
Lissafin Injiniya_Tukur ya amsa rabin tambayarka. Surame ta ƙarni na 16 ce, shekara 500 ke nan. A dutse irin farar ƙasa abin da zai taru a wannan lokacin bai kai rabin girei ba, sauran da rana ta bari zai haɗiye shi gaba ɗaya. Ga gini irin wannan kwaz ake nema, a cikin dutsen ko a ƙasar da ke ƙarƙashinsa ko laka da aka liƙe da ita, a auna da OSL, wato a fitar da siginar da haske maimakon zafi. David Huntley da abokansa a Kanada suka fito da hanyar a 1985. Siginar OSL ta kwaz cikin 'yan sakanni rana ke goge ta kusan tas, alhali TL sai an yi awoyi kuma da saura. Hikimar ita ce kana auna tarkunan da haske ke iya buɗewa kaɗai, ka ƙyale masu taurin kai.

Sadiq_Fiziks:
Dakta, to me ya hana a yi wa kalsayit ɗin OSL kawai a huta?

Dakta_Zazzau:
Ba ya ba da siginar OSL mai kyau da za a dogara da ita kamar kwaz. Shi ya sa wasu ke narkar da fatar dutsen da asid su tace 'yan ƙwayoyin kwaz da ke ciki, idan akwai. Wani dutsen za ka samu, wani ko ƙwaya.

Amma kada a ɗauka kalsayit ba shi da daraja. Inda ya yi fice shi ne ba ya saurin cika kamar kwaz, yana iya kai ka shekaru dubu ɗaruruwa baya. A kogo, kiristal ɗin da ruwa ke ginawa ɗigo ɗigo yana farawa ne fanko, ba ruwansa da rana ko wuta. A Aberystwyth ta Birtaniya ma sun yi aiki a kan ɗan murfin katantanwar ruwa, wanda shi ma kalsayit ne. A irin waɗannan haske abokin gaba ne kawai, ana ɓoye samfurin daga gare shi.

Injiniya_Tukur:
Yawwa. A bar kalsayit a inda ya iya. Agogon da ba ka san ko ya fara daga sifiri ba, ban ga yadda za ka kafa tarihin al'umma a kansa ba.

Maryam_Tarihi:
Ni kuma ban yarda a rufe ƙofa ba, Injiniya. Da yawa daga cikin manyan gine-ginen duniyar da, daga Masar har Girka, da farar ƙasa aka yi su. Idan hanyar tana da rauni a gyara ta, a haɗa da auna zurfin da Malam_Geo ya faɗa, a ɗauki samfuri da yawa daga gini ɗaya a ga ko za su yi baki ɗaya. Radiyokabon ma, wato auna shekaru da gawayi ko ƙashi, da aka fara shi sai da aka yi shekaru ana gyara lissafinsa da zoben itatuwa.

Hadiza_Lab:
Mu koma kan Sadiq, don shi ke da aiki a gaba. Ga yadda zan tsara da ni ce. Gari ɗaya daga cikin dutse ɗaya, a raba a ƙananan faifai, kowanne shimfiɗa ɗaya siririya, don idan ka tula ƙwayoyin sama za su yi wa na ƙasa inuwa. Wasu ba za su ga rana ba sam. Sauran a fitar da su minti 10, awa 1, awa 5, awa 20, awa 50, har sama idan da hali, aƙalla faifai uku a kowane mataki. Ka rubuta ƙarfe nawa ka fitar, ƙarfe nawa ka shigar.

Abin da kada ka manta: a kowane mataki ka ajiye wani faifan a gefensu a naɗe da alminiyam. Ranar Sakkwato ba haske kaɗai ba ce, faifan ƙarfe a watan Afrilu ba ya taɓuwa da hannu. Idan naɗaɗɗen ma ya ragu, ka san zafi ne ya yi wannan kason, ba haske ba. Rashin wannan faifan kaɗai ya isa mai jarrabawa ya rushe maka babi guda.

Kuma ka sake ɗumama kowane faifai karo na biyu ka cire abin da ya bayar. Daga digiri 400 zuwa sama farantin ɗumamawar kansa yana fara yin ja, hasken kalsayit kuma ruwan lemo ne, suna kusa da juna, na'urar tana haɗa su.

Malam_Geo:
In ƙara kan na Malama Hadiza. Ka yi gwajin gunduwa ma, ba gari kaɗai ba. Gari yana gaya maka halin tarkunan, gunduwa tana gaya maka nisan da haske ke shiga, kuma wannan na biyun shi ne abin da Injiniya da Malama Maryam ke ja a kai. Duwatsun buhunka ma sun riga sun fara maka, ka bar ɗaya da fatarsa ka yanyanka ka gani.

Issoufou_Malbaza:
A lura da hunturu kuma. Idan buji ya taso nan wajenmu rana kanta fara take zama, mutum ya kalle ta da ido. Awa ɗaya ta Janairu ba ɗaya take da ta Afrilu ba.

Dakta_Zazzau:
Gaskiya ne Malam Issoufou, ƙura tana tare gajeren zango, ga wadda za ta zauna kan faifan. Don haka ni fitilar lab mai kwaikwayon rana na fi so, ko LED mai launi sananne, ka san abin da ka ba samfurin daidai.

Injiniya_Tukur:
Dakta, fitila za ta ba shi jadawali mai kyau, amma magini bai yi aiki a ƙarƙashin LED ba. In ana son sanin abin da ke faruwa da dutsen gini, a sa shi a rana ta gaske, da ƙurarta da gajimarenta, wani a kife wani a rigingine.

Sadiq_Fiziks:
Na kwafe duka. Kuɗin fitilar kwaikwayon rana ya fi ƙarfin aikina, don haka rana zan yi amfani da ita, sai shuɗin LED idan na samu. Malama Hadiza, faifan alminiyam ko na bakin ƙarfe, wanne ya fi a kalsayit? Kuma man silikon da ake fesawa don ƙwayoyin su manne, ba ya tare haske?

Hadiza_Lab:
Na bakin ƙarfe. Silikon ɗin fesawa kaɗan a kan faifan kafin ka zuba ƙwayoyin, ba a kansu ba. Ka fara ɗumama faifai ɗaya da silikon kaɗai babu dutse ka ga abin da zai bayar. Wace na'ura ce a sashenku, Risø ko Harshaw? Amsar saurin ɗumamawa ta danganta da wannan.